Asalin Gidan Luzinyan: Hakiman Faransa da Suka Ci Sarautar Ƙudus da Ƙubrus

Duk wanda ya karanta tarihin Sultan Salahuddini al-Ayyubi ya san labarin ranar Hittin, watau 4 ga watan Yuli, 1187, sa'ad da aka kawo masa sarkin Faranjawa na Ƙudus cikin hemarsa, ƙishirwa ta kusa halaka shi. Sultan ya sa aka ba shi ruwan sanyi, ya kuma kwantar masa da rai, ya nuna masa ba al'adar sarakuna ba ce su kashe 'yan'uwansu sarakuna. Sunan wannan sarki Gi, na gidan Luzinyan, wanda Faransawa ke rubutawa Lusignan. Masu ba da labarin yaƙin sukan wuce ba su tsaya kan asalinsa ba, alhali kuwa ba za a gane yadda aka yi sarautar Ƙudus ta faɗo hannun mutum irinsa ba sai an bi salsalar gidansu. Gama Gi ba ɗan sarki ba ne, ba kuma a ƙasar Sham aka haife shi ba. Ƙaramin ɗan wani hakimi ne na yammacin Faransa, wanda ko a gidan ubansa ba shi da rabon gado na kirki.

Luzinyan sunan wata kagara ce bisa tudu, a gefen wani ƙaramin kogi da ake kira Bon, cikin ƙasar Puwatu, tafiyar kamar mil goma sha biyar kudu maso yamma da birnin Puwatiye. Hakiman wurin suna ƙarƙashin Sarkin Akiten ne, shi kuwa yana bin Sarkin Faransa, ko da yake bin na baka ne kawai a wancan zamani. Tun cikin ƙarni na 10 aka fara jin sunansu. Abin da ya fi wahalad da mai bin salsalarsu shi ne, kowane magaji Hugu ake sa masa suna, tun daga na fari har na goma sha uku. Mutanen zamaninsu da laƙabi suke bambanta su: akwai Hugu Maharbi, da Hugu Abin Ƙauna wanda aka ce shi ya gina kagarar, da Hugu Fari, da Hugu Shaiɗan, da waɗansu fiye da ɗaya da ake ce wa Wankan Tarwaɗa. Lambar da ake liƙa musu yanzu, na Ɗaya, na Biyu, har zuwa gaba, masana na baya ne suka ƙirƙiro ta don sauƙin lissafi.

Halin gidan ya bayyana tun da wuri. Akwai wata doguwar takarda da ta rage tun wajen 1030, inda aka zayyana ƙorafin Hugu na Huɗu a kan ubangijinsa Wiliyam na Biyar, Sarkin Akiten. Daga farkonta har ƙarshe magana ɗaya ce: an yi masa alkawarin kagara kaza an saɓa, an yi masa alkawarin auren wance an hana. Mai karatu zai ga mutum ne mai ganin ƙasarsa ta yi masa kaɗan, mai kuma sane da cewa hanya biyu ce ta ƙara ta, ko da takobi, ko da aure. Zuriyarsa sun gwada duka biyun har shekara ɗari huɗu da wani abu, amma in an duba da kyau, abin da takobi ya kawo musu bai kai rabin abin da aure ya kawo ba.

Almodis da 'ya'yanta

Ɗansa Hugu na Biyar ya auri wata 'yar hakimin La Marsh, sunanta Almodis. Bayan ta haifa masa magaji aka raba auren, wai don suna da dangantaka ta kusa wadda dokar majami'arsu ta hana. Ta koma ta auri Pons, mai Tuluz, ta haifa masa 'ya'ya. Daga nan kuma ta bar shi ta auri Ramon Barange, mai Barsalona, ta haifi tagwaye maza. A can ajalinta ya same ta cikin 1071, ɗan mijinta na wata mata ya kashe ta, don yana ganin tana neman ta karkatar da gado wajen 'ya'yanta. Shi kuwa mijinta na fari an riga an kashe shi tun 1060 a ƙofar kagararsa, sa'ad da Wiliyam na Takwas, Sarkin Akiten, ya kewaye shi da yaƙi. A riƙe sunan wannan Wiliyam, za mu komo kansa.

Dalilin da ya sa muka tsaya kan wannan mace shi ne, ta wurinta ƙaramin gidan Luzinyan ya sami 'yan'uwa li'ummai a manyan gidaje biyu masu fuskantar ƙasashen Musulmi. Ɗanta Hugu na Shida, wanda ruhubanawan maƙwabtansa suka sa wa Shaiɗan saboda yawan takura musu, uwa ɗaya suke da Raimon na Huɗu, mai Tuluz, ɗaya daga manyan shugabannin yaƙin gicciye na fari, wanda zuriyarsa suka yi sarautar Tarabulus ta Sham. Uwa ɗaya kuma suke da masu Barsalona. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka gan shi a Andalus cikin 1087, shekara guda bayan Murabiɗawa, ƙarƙashin Yusufu ɗan Tashfin, sun karya rundunar Sarkin Kastila a Zallaƙa. Daga baya ya bi ayarin 1101 zuwa gabas, ya halarci yaƙin Ramla da rundunar Masar cikin 1102.

Tun daga kansa abin ya zama kamar gado. Ɗansa Hugu na Bakwai ya bi Sarki Luwi na Bakwai cikin 1147. Jikansa Hugu na Takwas ya tafi cikin 1163, shekara ta kewayo Nuruddini ɗan Zangi ya kama shi a yaƙin Harim tare da waɗansu manyan Faranjawa, aka kai su Halab. Bai ƙara ganin Faransa ba. Cikin waɗanda aka kama tare da shi har da Raimon na Uku, mai Tarabulus, wanda shi ma daga tsatson Almodis ya fito.

'Ya'yan Hugu na Takwas

Ya bar 'ya'ya maza da yawa a gida, amma huɗu ne suka shafe mu: Hugu babba, da Jofre, da Emeri, da Gi. A lokacin nan ƙasar Akiten ta riga ta shiga hannun Henri na Biyu, Sarkin Ingila, ta wajen matarsa Eliyano. Samarin nan ba su yarda da shi ba, suka yi tawaye cikin 1168. Cikin wannan tarzoma mutanensu suka yi kwanton ɓauna suka kashe Patirik, hakimin Salisbari, wanda ke rakiyar sarauniya, suka kuma kama wani saurayi ɗan 'yar'uwarsa bayan sun ji masa rauni. Saurayin shi ne Wiliyam Mashal, wanda daga baya ya zama babban jarumin Ingila. Hugu babba ya rasu cikin 1169, ya bar ɗa, ta wurinsa reshen Faransa ya ci gaba. Sauran, da zama ya yi musu wuya, suka fara duban gabas.

Emeri ne ya fara tafiya, shi ne kuwa mai hankalin cikinsu. Ya auri Eshiba, 'yar gidan Ibilin, waɗanda ke cikin manyan hakiman ƙasar, ya yi ta ɗaukaka har aka naɗa shi Sarkin Yaƙin Ƙudus. Sarkin lokacin, Baldawin na Huɗu, kuturu ne, kowa ya san ba zai haihu ba, ba kuwa zai daɗe ba. Saboda haka idon kowa ya koma kan yayarsa Sibila, wadda mijinta ya rasu cikin 1177 ya bar ta da ciki. Wanda duk ya aure ta, shi zai riƙe ƙasa. Aka yi ta shawarar manyan 'ya'yan sarakunan Turai, ba wanda ya zo. Ana cikin haka, a lokacin idin Ista na 1180, sai aka ɗaura mata aure da Gi, ƙanen Emeri, cikin gaggawa.

Masana sun yi saɓani kan dalilin wannan aure. Tsohuwar ruwaya ta ce kyan fuskarsa ne ya ɗauke hankalinta. Masu bincike na baya sun fi ganin siyasa ce: sarki ya ji tsoron Raimon na Tarabulus da abokansa za su ɗora mata mijin da suke so su ture shi, sai ya riga su. Ban da haka Gi talakan Sarkin Ingila ne, Sarkin Ingila kuwa ɗan'uwan gidan sarautar Ƙudus ne, gama kakansu ɗaya, Fulk mai Anju, ana kuma sa ran taimakonsa. Wannan bayani na biyu ya fi kama hankali, ko da yake ba ya hana na farkon zama gaskiya, don abin da Sibila ta yi daga baya ya nuna tana son mijinta ƙwarai.

Ba a daɗe ba sarki ya yi da-na-sani. Ya ba Gi riƙon ƙasa cikin 1183, ya karɓe cikin shekarar, ya nemi a raba auren bai samu ba. Ya rasu cikin 1185, ɗan Sibila na mijin fari ya gaje shi, shi ma ya rasu cikin 1186 yana yaro ƙarami. An ruwaito cewa manyan ƙasa suka ce za su naɗa Sibila in ta rabu da Gi. Ta yarda, da sharaɗin ita za ta zaɓi mijin da za ta aura bayan naɗi. Da aka sa mata kambi, aka ce ta zaɓa, sai ta kira Gi ta ɗora masa da hannunta. An ce da labari ya kai Puwatu, wansa Jofre ya yi dariya, ya ce mutanen da suka ga Gi ya isa sarki, da shi suka samu da sun ɗauke shi abin bauta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Salahuddini ya kewaye Ɗabariyya, Raimon ya ba da shawara kada a bar ruwan Saffuriya a shiga fako da tsakar bazara, ko da yake matarsa ce ke cikin garin da aka kewaye. Gi ya yarda da fari, dare ya yi shugaban mayaƙan Haikali, waɗanda Larabawa ke kira Dawiyya, ya juya masa ra'ayi. Rundunar ta hallaka a Hittin, aka kama Gi da Emeri, Ƙudus ta miƙa wuya ran 2 ga Oktoba. Sultan ya saki Gi cikin 1188. Da ya je Sur, garin da ya rage, Konrad na Monfera ya rufe masa ƙofa. Sai ya kwashi 'yan tsirarun mutanen da ke gare shi ya je ya kafa sansani a Akka cikin Agusta 1189. In za a yi masa adalci, wannan ƙarfin hali shi ya ba Faranjawa wurin taruwa har sarakunan Turai suka iso.

A nan ne nasaba ta yi aikinta. Cikin 1190 annoba ta faɗa sansanin, ta ɗauke Sibila da 'ya'yanta mata biyu da ta haifa wa Gi. Tun da ta wajenta ya sami sarauta, rasuwarta ta tsinke igiyar. Gado ya koma kan Izabela, ƙanwarta 'yar uba. Nan da nan aka raba ta da mijinta aka aura wa Konrad. Ricad, Sarkin Ingila, ya goyi bayan Gi don talakansa ne na Puwatu, amma manyan ƙasa suka ƙi, dole ya haƙura cikin 1192. Sai aka nema wa Gi abin share hawaye. Ricad ya riga ya ƙwace tsibirin Ƙubrus daga hannun wani Barume cikin 1191, ya sayar wa Dawiyya a kan zinariya 100,000, su kuwa suka kasa riƙe mutanen wurin suka mayar masa. Gi ya karɓi cinikin. Ya zauna can shekara biyu yana raba gonaki ga waɗanda suka rasa nasu a Sham, ya rasu cikin 1194 bai bar ɗa ba.

Emeri ya gaje shi. Ya yi caffa ga Henri na Shida, Sarkin Jamus, don ya sami kambi, aka naɗa shi Sarkin Ƙubrus cikin 1197. A shekarar nan mijin Izabela na uku, Henri na Shampan, ya faɗo daga taga a Akka ya mutu, Emeri kuwa matarsa ta riga ta rasu, sai ya zama mijinta na huɗu. Ga ɗan Luzinyan na biyu ya ci sarautar Ƙudus, shi ma ta ɗakin mace. Da ya rasu cikin 1205 sarautun biyu suka rabu. Ƙubrus ta tafi ga ɗansa Hugu na Ɗaya, ɗan Eshiba, Ƙudus kuwa ga 'yar Izabela da Konrad. Amma an yi dabara an aura wa Hugu wata 'yar Izabela, Alis, wadda ta haifa wa Henri na Shampan, ta haka zuriyarsa suka sami ƙafar neman Ƙudus daga baya.

Waɗanda suka zauna gida

Mu koma Faransa. Hugu na Tara, ɗan wan Gi, ya sami ƙasar La Marsh cikin 1199, aka kuma yi masa baiko da Izabela, magajiyar Angulem, yarinya mai shekara kamar goma sha biyu. Da auren ya ɗauru, da ƙasashe uku sun haɗu hannu ɗaya, sun datse hanya tsakanin Puwatiye da Bodo. Jon, Sarkin Ingila, ya ga haɗarin, sai ya aure ta da kansa cikin Agusta 1200, bai kuwa ba Hugu ko abin lallashi ba. 'Yan Luzinyan suka kai ƙara wurin Filib na Biyu, Sarkin Faransa, wanda da ma dalili yake nema. Ya kira Jon shari'a, Jon ya ƙi zuwa, aka yanke cewa ya rasa ƙasashensa na Faransa cikin 1202. Jon ya kama Hugu da Jofre a Mirabo cikin shekarar nan, duk da haka kafin 1204 ta ƙare Normandi ta fita hannunsa. Ba za a ce baikon nan kaɗai ya jawo wannan ba, amma shi ne ƙofar da Filib ya shiga ta ciki.

Jon ya rasu cikin 1216, Izabela ta komo ƙasar ubanta. 'Yarta Jowan tana gidan Luzinyan ana renonta, an yi mata baiko da Hugu na Goma, ɗan wancan Hugu. Cikin 1220 uwar ta aure shi, aka mai da 'yar Ingila. Saboda sunan uba da ɗa ɗaya ne, marubuta da yawa na dā sun ɗauka tsohon saurayinta ta koma wa, har suka gina labarin soyayya a kai. Ba haka ba ne. Uban ya riga ya rasu a Dimyat ta Masar cikin 1219.

Ta haifa wa Jon biyar, ta haifa wa Hugu tara. Ba ta taɓa yarda ta zama matar hakimi kawai ba bayan ta ɗanɗani sarauta, ita ce kuwa ake ɗora wa alhakin zuga mijinta ya yi wa Luwi na Tara tawaye. Ɗanta Henri na Uku, Sarkin Ingila, ya ƙetaro don taimako, aka kore su a Tayibur cikin Yuli 1242. Daga ranar nan ƙarfin gidan a Faransa ya karye. Hugu na Goma ya bi Luwi zuwa Masar, an ruwaito a Dimyat ya rasu cikin 1249. Ɗansa ya mutu a Masar cikin 1250, jikansa kuma a yaƙin Tunas na 1270. Hugu na Goma Sha Uku ya rasu cikin 1303 ba ɗa, ƙanensa ya bi shi cikin 1308, Sarki Filib na Huɗu ya haɗiye ƙasar.

Waɗansu ƙananan 'ya'yan Izabela kuwa Ingila suka nufa cikin 1247, wurin ɗan'uwansu li'ummi. Henri ya yi ta loda musu ƙasa da muƙami har manyan Ingila suka fusata, suka kore su cikin 1258. Ɗaya daga cikinsu, Wiliyam na Balans, ya komo ya kafu, gama an aura masa jikar Wiliyam Mashal, saurayin nan da kakanninsa suka kama cikin 1168, ta wurinta kuma ya sami Pemburok. Ɗansa Aima ya rasu cikin 1324 ba magaji. Matar da ya bari ita ta kafa kwalejin Pemburok ta Kambirij cikin 1347.

Inda suna ya rabu da jini

A Ƙubrus, Hugu na Ɗaya ya rasu cikin 1218 ya bar jariri, Henri, da 'ya'ya mata biyu, Mariya da Izabela. Henri ya yi sarauta har 1253, ɗansa Hugu na Biyu ya gaje shi, ya rasu cikin 1267 yana da shekara goma sha huɗu. Da shi zuriyar Emeri ta wajen maza ta ƙare, shekara saba'in da biyar kacal bayan Gi ya sauka tsibirin.

Tun yaron yana da rai taubasansa biyu suka yi jayayya kan wanda zai riƙe masa mulkin Akka, su ma duk Hugu ne. Ɗaya ɗan Mariya ne, na gidan Biriyen, ɗaya ɗan Izabela, na gidan Antakiya. Na Biriyen ya ce uwarsa ce babba, shi kuwa yana tsaye a matsayinta, kamar yadda ake yi a Faransa. Na Antakiya ya ce dokar wannan ƙasa ba ta duban iyayen da suka shuɗe, tana duban kusanci da mai abin, su biyu kuwa kusancinsu ɗaya, amma shi ne babba da shekaru. Majalisar manya ta ba shi gaskiya. Da yaron ya rasu ya hau gadon Ƙubrus, aka kuma naɗa shi Sarkin Ƙudus a Sur cikin 1269. Ya ajiye sunan gidan ubansa, ya ɗauki na uwarsa.

To, wane ne uban? Henri ne, ɗan Bohemon na Huɗu, ɗan Bohemon na Uku, ɗan Raimon na Puwatiye wanda ya auri magajiyar Antakiya cikin 1136. Raimon kuwa ɗan Wiliyam na Tara ne, ɗan Wiliyam na Takwas, Sarkin Akiten, wanda mutanensa suka kashe Hugu na Biyar a ƙofar Luzinyan. Watau duk sarakunan da suka riƙe Ƙubrus daga 1267 har 1474 da sunan Luzinyan, in ta wajen uba za a bi, 'ya'yan gidan tsofaffin iyayen gijinsu ne, abokan gābarsu. Mai lissafi da ya ce gidan ya yi sarautar tsibirin kusan shekara ɗari uku bai yi ƙarya ba, amma sai ya faɗi ko suna yake bi ko jini.

Sauran labarin na raguwa ne, sai dai da walƙiya nan da can. A zamanin Henri na Biyu, mai farfaɗiya, Sultan Ashraf Halil ya ci Akka cikin 1291, sarautar Ƙudus ta zama suna kawai, ana naɗa ta a Famagusta. Tsibirin ya yi arziki da fatauci, har Bitrus na Ɗaya ya ga yana iya tayar da tsohon yaƙi. Ya yi yawon fadojin Turai shekara uku yana neman gudummawa, ya tara jirage a Rodos, ya auka wa Iskandariya cikin Oktoba 1365. Aka yi kisa da ganima ba a bambanta Musulmi da Kirista da Bayahude ba, aka kwashe dubban mutane bayi, bayan 'yan kwanaki rundunar ta ƙi tsayawa, ta koma jirgi. Babu abin da aka samu mai ɗorewa. Hakimansa suka kashe shi cikin ɗakin kwanansa a 1369, mutanen Jenowa suka ƙwace Famagusta daga hannun ɗansa cikin 1373.

Masar ba ta manta ba. Cikin Yuli 1426 rundunar Sultan Barsbai ta karya Sarki Janus a Hirokitiya, aka kai shi Alƙahira aka zaga gari da shi cikin mari, sai da aka yi alkawarin fansar zinariya 200,000 da gandu kowace shekara kāna aka sake shi. Ba shi ne na fari a gidan da ya sha ɗaurin Alƙahira ba. Wani reshe, ta wajen auren 'yar sarkin Armeniya, ya ci sarautar Kilikiya. Na ƙarshensu, Lewon, an kama shi a Sis cikin 1375, ya zauna tsare har 1382 sa'ad da Sarkin Kastila ya fanshe shi ya ba shi garin Madrid ya ci. Ya rasu a Paris cikin 1393.

Cikin shekarar da ya rasu ne wani marubuci, Jan na Aras, ya gama littafin da ya ba gidan asalin da ya fi na gaskiya shahara. Ya rubuta shi ne don Jan, mai Beri, ɗan'uwan Sarkin Faransa, wanda ya ƙwato kagarar daga hannun Ingilishi cikin 1374. Littafin ya ce kakar gidan aljana ce mai suna Meluzin, wadda wani saurayi ya gamu da ita bakin maɓuɓɓuga, ta aure shi da sharaɗin kada ya gan ta ran Asabar. Ta gina masa kagara, ta haifa masa 'ya'ya goma. Ran da ya leƙa ya ga daga ƙugu zuwa ƙasa macijiya ce, da ya tona asirin a gaban jama'a ta tashi sama ta tafi. Cikin 'ya'yan, ɗaya ya ci sarautar Ƙubrus, ɗaya ta Armeniya, dukansu ta auren 'yar sarki, wani kuma, Jofre mai haure, ya ƙone gidan ruhubanawa na Mayeze. A nan tatsuniyar ta tsinci gaskiya, don ɗan Jofre wan Gi ya taɓa auka wa wannan gida a ƙarni na 13. Abin lura shi ne, sai da masu kagarar suka ƙare da shekara tamanin da wani abu aka rubuta musu wannan asali, wanda ya biya kuɗin rubutun kuwa shi ne sabon mai wurin, mai bukatar a ce ya gaji abu mai daraja.

Jon na Biyu, ɗan Janus, ya rasu cikin 1458 ya bar 'yar halal ɗaya, Sharlot, da ɗa namiji, Jak, wanda ya haifa da wata ƙwarƙwararsa. Aka naɗa Sharlot. Jak ya gudu Alƙahira ya yi caffa ga Sultan Inal, ya komo da rundunar Masar cikin 1460, kafin 1464 ta ƙare ya kori 'yar'uwarsa, ya kuma karɓe Famagusta daga mutanen Jenowa. Sa'an nan ya auri Katarina Kornaro, 'yar wani babban gida na Benis, hukumar Benis kuwa ta ɗauke ta a matsayin 'yarta kafin ta tafi, don in mijin ya mutu ba magaji ta sami hujjar gado. Haka kuwa aka yi. Jak ya rasu cikin 1473, jaririn da aka haifa bayansa ya bi shi cikin 1474, aka bar Katarina da sunan sarauta har 1489 sa'ad da aka sa ta miƙa tsibirin. Sharlot ta rasu a Roma cikin 1487, bayan ta bar haƙƙinta ga gidan mijinta na Saboya, waɗanda suka riƙa jera sunan Ƙubrus da Ƙudus cikin laƙabansu har aka kawar da sarauta a Italiya cikin 1946. Gandun da aka ɗora wa Janus kuwa Benis ta ci gaba da biya, zinariya 8,000 a shekara, da fari ga Alƙahira, bayan 1517 ga Sarkin Istambul, har Turkawa suka ci tsibirin cikin 1571. Shekara huɗu bayan haka, cikin yaƙin basasar addini na Faransa, aka rushe kagarar Luzinyan.